Ƙwaron Ƙura a Cikin Katifa: Tambayoyi da Amsoshi Don Gidajen Kebbi

Da wuya ka shiga unguwa a Birnin Kebbi, Argungu ko Jega ba ka samu gidan da ake cewa wance ba ta rabuwa da mura ba. An hana ta ruwan randa, an hana ta kwana gaban fanka, an sha maganin kemis har an gaji, amma kullum da asuba ita ce da atishawa goma a jere. Da yawa daga cikin masu wannan hali, jikinsu ne bai jitu da wani ɗan ƙwaro da ke zaune cikin katifa da filo ba, abin da likitoci ke kira alaji. Tambayoyin nan su ne waɗanda iyaye da masu fama da abin suka fi yi. Amsoshin kuma an auna su ne da yanayin ƙasarmu da abin da hannun mai gida zai iya kaiwa.

Wane irin ƙwaro ne wannan, kuma don me ban taɓa ganinsa ba?

Ya yi wa ido ƙanƙanta. Sai ka jera uku ko huɗu kafin su cika milimita ɗaya, ga shi fari-fari, don haka sai da madubin ɗakin gwaji ake ganinsa. Ƙafafunsa takwas, dangin kaska ne da gizo-gizo. Ba ya tashi, ba ya cizo, ba ya shan jini, ba ya zama a jikin mutum. Abincinsa ɓarɓashin matacciyar fatar da ke zuba daga jikin kowa dare da rana, shi ya sa ya fi taruwa inda muke daɗewa a kwance ko a zaune: katifa, filo, bargo, kujerar kushin, kafet. Yakan rayu wata biyu zuwa uku, macen kuma takan saka ƙwai 60 zuwa 100 kafin ta mutu.

Tun da daɗewa likitoci sun san ƙurar ɗaki na tayar da asma, amma sai a 1964 wasu masu bincike a birnin Leiden na ƙasar Holan, Voorhorst da Spieksma, suka nuna cewa wannan ƙwaron ne tushen matsalar. Sunansa a littattafan likita Dermatophagoides, a ƙasashe masu zafi da laima kuma akwai ɗan'uwansa Blomia tropicalis.

Tun da ba ya cizo, ta ina yake cutar da mutum?

Ta kashinsa da gaɓoɓin gawarsa. Ƙwaro ɗaya yakan yi kashi wajen 20 a rana, kowane ɗan ƙulli na ɗauke da sinadarin da cikinsa ke narkar da abinci da shi. Idan mai alaji ya shaƙa, garkuwar jikinsa sai ta ɗauka maƙiyi ne ya shigo, ta tashi tsaye: hanci ya kumbura ya fara zuba, ido ya yi ja, a wurin wasu kuma hanyoyin iska na huhu su tsuke. Wanda ba shi da alaji zai kwana a katifa ɗaya da shi, ya tashi lafiya lau.

Akwai abu ɗaya game da wannan kashi da ya kamata a riƙe, domin duk sauran shawarwarin a kansa suka dogara. Yana da ɗan nauyi, ba ya daɗewa yana yawo a iska. Idan an kakkaɓe gado ko an yi shara yakan tashi, cikin minti 20 zuwa 30 ya koma ya kwanta. Ke nan mafi yawan abin da mutum ke shaƙa, yana shaƙarsa ne lokacin da hancinsa ke manne da filo, awa bakwai ko takwas kowane dare.

Ba kuɗin cizo ba ne ko ƙazuwa?

A'a. Kuɗin cizo ana ganinsa a ɗinkin katifa, yana barin shaidar cizo da ɗigon jini a zanin gado. Ƙazuwa kuwa wani ƙwaro ne daban da ke shiga ƙarƙashin fata, yana sa ƙaiƙayi tsakanin yatsu, ana kuma ɗauka daga mutum zuwa mutum. Alajin ƙwaron ƙura ba a ɗaukarsa. Yakan dai bi jini: idan uwa ko uba na da asma ko yawan atishawa, 'ya'ya sun fi kusa da samu.

Malam, mu da ƙurar hunturu ke rufe mana gari, ai ita ce matsalarmu, ko kuwa?

Ƙura biyu ce, kowace da irin ɓarnarta. Ta hunturu ƙasa ce da iska ke kwasowa daga Sahara, da yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi. Tana busar da hanci, tana sa tari, tana tayar wa mai asma da ciwonsa, amma babu wannan ƙwaro a cikinta. Shi ƙwaron ma bushewar hunturu ce ajalinsa.

Dalili kuwa, ba ya shan ruwa da baki. Daga iska yake zuƙar laima, kamar yadda gishiri ke jiƙewa da kansa a tsakiyar damina. Ya fi walwala idan laimar iska ta kai kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari. Idan ta sauka ƙasa da kashi 50 ta daɗe a haka, sai ya bushe ya mutu. A tsakiyar hunturu a wajenmu laima kan faɗi ƙasa da kashi 20 da rana, a watan Afrilu kuma zafi kan haura digiri 40. Wannan babban rabo ne da mutanen Legas da Fatakwal ba su da shi, domin su shekara suke yi cikin laima.

Lokacin da yake hayayyafa a nan shi ne Yuli, Agusta da Satumba, sa'ad da bango ke tsatsafo, wanki ke kwana biyu bai bushe ba, ana rufe taga saboda feshin ruwa da sauro. Gidajen da ke bakin kogin Neja wajen Yawuri, da na gefen fadamar Argungu da Birnin Kebbi, da ƙasar Zuru inda ruwa ya fi yawa, nasu lokacin ya fi tsawo.

Sai dai rani ba ya gama aikin shi kaɗai. Cikin katifa akwai laimar da gumi da numfashin mai kwana ke zubawa, a nan wasu ke laɓewa har damina ta dawo. Waɗanda suka mutu kuma sun bar kashinsu, wanda ke iya yin watanni bai lalace ba. Abin da ke sa wasu su ɓarke da atishawa ranar da aka fito da bargo da rigunan sanyi daga akwati a watan Nuwamba ke nan, sai a ɗora wa sanyin laifi.

Yaya zan bambance shi da mura ta gaskiya?

Mura takan zo da kasala, ciwon maƙogwaro, wani lokaci da zazzaɓi, ta yi mako guda ko kwana goma ta tafi. Alaji ba ya zuwa da zazzaɓi. Majinarsa tsinkakkiya ce fara, atishawar a jere take zuwa, hanci da ido da ganɗa suna ƙaiƙayi. Ya fi tsanani da dare da farkawar asuba, ko lokacin shara da gyaran gado, ya lafa idan mutum ya fita waje. A lura da yaro: yana yawan murza hanci da tafin hannu, yana barci baki buɗe, yana tari cikin dare alhali da rana ƙalau yake. Wasu kuma a fata abin ke fito musu, bayan gwiwa da lanƙwasar hannu su bushe suna ƙaiƙayi.

Tabbaci sai da gwaji. Akan ɗiga ruwan gwajin a damtse a ɗan soka fatar, bayan minti 15 zuwa 20 a duba ko wurin ya tasa, akwai kuma na jini. Likitan da ya duba mutum shi zai ce ko ana bukatarsa da inda za a tura shi.

Ta ina zan fara? Gidan da yawa, ni kaɗai ce.

'Yar'uwa, kada ki ce sai kin juye gidan gaba ɗaya, za ki gaji ki bari. Fara da shimfiɗar wanda abin ke damu: filonsa, zanin gadonsa, bargonsa, katifarsa. Bayan nan ƙasan ɗakin da yake kwana. Falo da sauran ɗakuna su biyo baya idan da hali.

Wane irin wanki ne ke kashe shi?

Ruwa mai zafin digiri 60. Ba sai kina da injin wanki ko ma'aunin zafi ba. Ki tafasa ruwa bokiti ɗaya, ki juye a babban baho, ki ƙara bokiti ɗaya na ruwan famfo ko na rijiya. Haɗin zai tsaya sama kaɗan da digiri 60. Ki zuba omo, ki tura zanin gado da rigar filo da sanda har su nutse, ki rufe bahon da faifai ko murfi don kada zafin ya gudu, ki bar su minti 15 zuwa 20. Sai ya huce kafin ki sa hannu. Don Allah a kau da yara daga wurin, ruwan da ya kai wannan zafin yana ƙona fatar yaro nan take.

Sau ɗaya a mako ya isa ga zanin gado da rigar filo. Bargo kuwa, a wanke shi kafin a fara rufa da shi a farkon sanyi, a sake wankewa kafin a adana, a tabbata ya bushe ƙarau sannan a ƙulle shi cikin leda.

Na san itace da gawayi da gas duk kuɗi ne. Makon da ba hali, a yi wankin da ruwan sanyi, domin shi ma yana wanke mafi yawan kashin, ko da yake wasu ƙwarin za su tsira. Sai a cike giɓin da shanya a rana mai ƙarfi da dutsen guga. Abin da ban so shi ne shanya wanki cikin ɗakin kwana da damina. Ruwan da ke fita daga kayan cikin iskar ɗakin yake komawa, daga nan cikin katifa. A ɗaura igiya a baranda ko ƙarƙashin rumfa.

Shanya katifa a rana da iyayenmu ke yi, yana da wani amfani?

Ƙwarai da gaske, kuma abin takaici ne yadda aka fara barinsa tun da manyan katifun soso suka shigo. A 1994 masu bincike a Ostireliya sun shimfiɗa kafet a rana na 'yan awoyi, suka tarar zafi da bushewa sun kashe ƙwarin da ke ciki. Ranar bazararmu kuwa ba ta bukatar a yi mata shaida.

Yadda za a yi ya fi kyau: a fitar da katifa da hantsi, a shimfiɗa ta kwance a kan siminti mai tsabta ko tabarmar roba inda babu inuwa, a tuɓe mata riga. Jingina ta da bango a tsaye ba ya ba ta zafin da ake so. Da azahar a juya ɗaya gefen. Da la'asar a buge ta da sanda sosai, gaba da baya, domin rana kashewa take yi, ba ta kwashe kashin da ya riga ya taru. Mai bugun ya zama wanda ba shi da alaji, ya ɗaura takunkumi ko ɗankwali a hanci, ya tsaya ta inda iska ke fitowa, mai ciwon kuma ya yi nisa da tsakar gidan. A mayar da ita ɗaki kafin magariba don kada raɓa ta sauka a kanta.

Katifa mai kauri sosai, zafin ba ya ratsa tsakiyarta, don haka shanya na rage su ne kawai. Filo, tabarma, darduma da siririyar katifar yara su suka fi cin moriya. Lokuta biyu ne bai kamata a bari su wuce ba: watan Oktoba da ruwa ya ɗauke, don a karya abin da damina ta tara, da watan Mayu kafin ruwa ya sauka, don damina ta tarar da kaɗan. A tsakiyar damina ma, duk ranar da gari ya buɗe a fitar da filo.

Filon audugar rimi ko na tsumma da ya shekara da shekaru, ya yi nauyi, ya canza launi, wannan ba shi da gyara. A sauya shi.

An ce akwai rigar katifa ta musamman. Ledar da katifa ta zo da ita ba za ta yi ba?

Rigar ta musamman yadi ne mai matsattsiyar saƙa, ƙofofinsa ba su kai girman kashin ƙwaron ba, tana da zif da ke rufe katifa ko filo ruf. Iska na wucewa, ƙwaro da kashinsa ba sa wucewa. Idan an samu ta gaskiya, a fara saya wa filo, shi ya fi kusa da hanci kuma ya fi araha.

Leda ma tana tarewa, muddin ba ta yage ba. Ta kamfani siririya ce, wata ɗaya ko biyu ta fashe ta gefe. Wadda ta fi ita ce irin rigar roba da ake yi wa katifun asibiti, mai ɗinkin kujeru zai iya ɗinka ta daidai girman katifarka. Aibinta zafi da gumi, sai a ɗora zanin auduga mai kauri a kai, ana wanke shi duk mako, ana goge robar da jiƙaƙƙen tsumma. Kada a rufe katifa sai ta sha rana ta bushe, in ba haka ba funfuna za ta kama ta daga ciki. Jariri kuwa ba a sa masa filo, ba a kuma barin sakakkiyar leda kusa da fuskarsa.

Gidan sauro yana tara ƙura. In cire wa yaron?

Kada ki cire. Zazzaɓin cizon sauro ya fi wannan haɗari nesa ba kusa ba, balle a ƙasar shinkafa da fadama. Ki riƙa kwance shi lokaci-lokaci ki kakkaɓe a waje, ki wanke a hankali da ruwan sanyi da sabulu mara ƙarfi. Shi kam ban da ruwan zafi, ban da shanya a rana, domin suna lalata maganin da ke jikinsa. A inuwa ake shanya shi.

Ni amarya ce, iyayena sun kashe kuɗi sun malala min kafet har bango, ga labule masu nauyi. Maigidan ne ke da asma. Ya zan yi?

Allah ya sanya alheri, ya ba da zaman lafiya. Ba wanda zai ce ki zubar da kayan da iyaye suka sha wahala a kansu. Amma gaskiyar magana, kafet da aka manne a kan siminti shi ne mafi munin shimfiɗa ga mai wannan ciwo, saboda siminti na tsotso danshi daga ƙasa da damina, kafet ɗin ya riƙe, tsintsiya kuma ba ta kai ga gindinsa. Ki ɗauke na uwar ɗaka kaɗai, ki mayar da shi falo ko ki ba da shi, a bar tayil ko a shimfiɗa ledar ɗaki. Idan ana son abin taka ƙafa, ƙaramar darduma da za a iya ɗauka a wanke ta wadatar.

Labulen ɗakin kwana ya zama mara nauyi mai shiga baho. Ƙananan filolin ado da 'yan tsanan gashi da ake jerawa a kan gado su koma falo. Akwatuna da buhunan kaya da ake turawa ƙarƙashin gado a fito da su, don mofa ta samu hanya. Turaren wuta ba ya ƙara ƙwaro, amma hayaƙinsa na tsuke ƙirjin mai asma. Ki turara ɗaki sa'ad da ya fita, ki buɗe taga hayaƙin ya fice kafin ya dawo. Haka ma maganin sauro na kunnawa.

Shara fa? Da na ɗauki tsintsiya sai atishawa.

Busasshiyar shara tayar da abin take yi sama, ya sauka a kan gado. A ɗakin tayil, leda ko siminti a yi amfani da mofa ko jiƙaƙƙen tsumma, haka kan durowa da allon gado da fukafukan fanka. Ɗaki mai daɓen ƙasa a yayyafa ruwa kaɗan kafin shara, yadda aka saba, kada dai a jiƙa shi sharkaf. Idan da wanda zai karɓe ki, ki ba shi tsintsiyar ki fita, sai bayan rabin awa ki dawo. Idan babu, ki sa takunkumi, ki buɗe ƙofa da taga, kuma kada ki yi sharar daf da lokacin kwanciya.

Dardumar salla ma tana ciki?

Tana ciki, kuma an fi mantawa da ita. Goshi da hanci na sauka a kanta sau da yawa kowace rana, ana taka ta da danshin alwala, a naɗe a ajiye a lungu. A riƙa baza ta ta sha iska, a sa ta cikin wankin ruwan zafi. Wanda kafet ɗin masallaci ke tayar wa atishawa ya tafi da tasa siririya mai tsabta ya shimfiɗa a kai.

In fesa fiya-fiya a katifa ba zai gama da su ba?

Ina roƙon ku da girman Allah kada a yi haka. Fiya-fiya maganin ƙwarin gona ne mai guba, yana shiga jiki ta fata da numfashi, yana iya kashe mutum, yara kuma sun fi saurin faɗawa. Ga mai asma, warinsa kaɗai ya isa ya kai shi asibiti. Bayan haka ba ya ratsa cikin katifa inda ƙwarin suke, ba ya kuma taɓa kashin da ke haddasa ciwon. Hatta magungunan da aka yi musamman don wannan ƙwaro a ƙasashen waje, gwaje-gwaje ba su nuna suna kawo wa masu asma sauƙin kirki ba.

Muna ajiye buhunan shinkafa da gero a ɗakin da muke kwana saboda ɓarayi. Akwai matsala?

Akwai. Hatsi, gari, dusa da busasshen kifi suna da nasu ƙananan ƙwarin, 'yan'uwan na katifa, masu son laima su ma, kuma suna tayar da irin wannan alaji. Ga ƙurar shanshera da ɓuntu, ga kyankyasai da ɓeraye da abincin ke jawowa, waɗanda su ma kashinsu na tayar da asma. Idan babu rumbu ko sito, a ware wa hatsin ɗaki ɗaya mai makulli, a ɗora buhunan a kan katako, mai ciwon ya kwana a wani. Garin fulawa ko na masara da aka buɗe ya daɗe cikin laima har ya canza wari, a zubar. Ƙwarin kan cika shi, kuma an samu masu alajin da cin irin wannan gari ya tayar wa ciwo mai tsanani ko bayan an dafa.

Esi da injin tace iska suna taimakawa?

Esi, wato na'urar sanyaya ɗaki, yana rage laimar ɗaki, don haka yana taimakawa da damina idan wuta ta samu ya daɗe yana aiki, kuma ana wanke ragarsa. Fankar nan da ake zuba wa ruwa ko ƙanƙara laima take ƙarawa, a bar ta sai bazara. Injin tace iska kuwa amfaninsa kaɗan ne a nan, tun da kashin ba ya daɗewa a sama. Kuɗinsa gara a toshe yoyon kwano da su, a gyara magudanar da ke jiƙa gindin bango, a sayi rigar filo.

Idan na yi duk wannan, za a warke?

Za a iya samun sauƙi, amma ba zan yi alkawarin warkewa ba. A 2008 ƙungiyar Cochrane, mai tantance sakamakon binciken likitanci, ta tattara gwaje-gwaje 54 da aka yi a kan masu asma kusan 3,000, ta ce matakan yaƙi da ƙwaron ba su nuna wani bambanci a fili ba. A gefe guda, wani bincike da aka buga a 2004 a kan yara 937 a biranen Amurka ya nuna cewa idan aka haɗa matakai da yawa, aka daidaita su da abin da kowane yaro ke da alajinsa, har da kyankyaso da hayaƙin taba, kwanakin ciwo na raguwa. Wani kuma da aka yi a yankin Manchesta na Ingila, aka buga a 2017, ya samu cewa yara masu asma da alajin ƙwaron da aka rufe wa katifa da filo sun fi ƙarancin zuwa sashen gaggawa.

Abin da na fahimta daga waɗannan shi ne, mataki ɗaya tilo ba ya wadatarwa, kuma wanda ƙwaron ne ainihin matsalarsa shi ke amfana. A haɗa wanki, shanya, rufe katifa da rage laima, a ba su wata biyu ko uku kafin a yanke hukunci. Mafi yawansu ba sa cin kuɗi, don haka babu asara a gwadawa.

To magani fa, kuma yaushe ne sai asibiti?

Tsabtar ɗaki ba ta maye gurbin magani. Don atishawa da ƙaiƙayi akwai ƙwayoyi irin su cetirizine da loratadine, waɗanda ba su cika sa barci ba. Piriton yana sa barci, direba da mai kabu-kabu su kiyaye. Akwai maganin fesawa a hanci da likita ke rubutawa, wanda sai an jure kullum na wasu kwanaki kafin a ga aikinsa. Maganin ɗigawa mai buɗe hanci nan take kuwa, kada a wuce kwana biyar zuwa bakwai ana sa shi, in an zarce hancin ƙara toshewa yake yi. Dexamethasone da prednisolone da wasu ke saya a kemis suna sha wata da watanni saboda suna jin daɗinsu, suna jawo hawan jini, ciwon suga da raunin ƙashi. Ba a shan su sai da umarnin likita.

Mai asma ya san inhela iri biyu ce: mai buɗe ƙirji lokacin da ciwo ya taso, da ta rigakafi da ke kwantar da kumburin hanyoyin iska. Inhela ba ta kama jiki, kuma amfani da ita ba alamar ciwo ya gagara ba ne. Wanda ke bukatar mai buɗe ƙirji fiye da sau biyu a mako, ko tari ke tashinsa da dare, ya koma wurin likita a sake duba maganinsa, ko a babban asibitin garinsu, ko Asibitin Sir Yahaya a Birnin Kebbi, ko asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato.

A garzaya asibiti ko tsakar dare ne idan mutum ya kasa ƙarasa magana saboda haki, ko haƙarƙarin yaro da ramin wuyansa na lotsawa in ya ja numfashi, ko leɓe ya sauya launi, ko an shaƙi inhela ba sauƙi, ko yaro ya yi laushi yana lumshe ido. Tarin da ya wuce mako biyu tare da rama, gumin dare ko jini, a je a yi gwajin tarin fuka. Gwajin da maganin kyauta ne a cibiyoyin gwamnati.

An ce mai wannan alajin ya guji cin fara. Gaskiya ne?

Ba kowa ba. Akwai wani sinadari mai suna tropomyosin da ke jikin ƙwaron ƙura, akwai irinsa a jikin fara, jatan lande, kirefish da kyankyaso, shi ya sa jikin wasu ke rikita su. Wanda ya saba cin soyayyar fara ba ta taɓa yi masa komai ba, ba shi da dalilin bari. Wanda kuwa ya ci ya ji bakinsa na ƙaiƙayi, ko borin jini ya fito masa, ya daina ya gaya wa likita. Idan leɓe ko harshe ya kumbura, ko numfashi ya sarƙe, wannan na gaggawa ne.

Ɗana zai tafi makarantar kwana. Me zan haɗa masa?

Sabuwar siririyar katifa da aka ɗinka wa rigar roba, kada ya gaji tsohuwar wani. Filonsa na kansa mai riga, zanin gado biyu don ya riƙa sauyawa, da gidan sauro. Ki roƙa a ba shi gadon sama, saboda mai kwana a ƙasa yana shaƙar abin da ke zubowa daga katifar da ke bisansa duk lokacin da na saman ya juya. Ki koya masa fitar da katifa da filo rana duk ranar wanki, da neman a ba shi aikin ɗibar ruwa ko goge-goge maimakon sharar ɗakin kwana. Inhelarsa ta zauna a aljihunsa, ba a kulle a ofis ba, a kuma ajiye ta biyu wurin malamin da ke kula da ɗakinsu, tare da takarda mai sunan magungunansa da lambar wayarki.